Ranki Ya Daɗe, Hajiya Fidbak

A zamanin da ake naɗa wa duk mai gidan mai biyu rawani, a ba ɗan kwangila digirin girmamawa, abin kunya ne a ce har yanzu babu masarautar da ta tuna da Hajiya Fidbak. Wannan baiwar Allah ta yi wa manya hidimar da dogari da magatakarda da ɗan sanda ba su yi ba, kuma ko sisin kwabo ba ta taɓa nema ba. Da ita ake sallamar mai neman aiki ba tare da an furta masa babu ba. Da ita ake wanke ma'aikaci tas, ya miƙe yana godiya. Da ita ake tara koken jama'a a kwali, a ɗaure da igiya, a kai sito, kowa ya koma gida yana murna an saurare shi. In wannan bai isa a buga mata tambari ba, ban san me ake jira ba.

Ba a yabon babba sai an faro daga asali, to sai dai Hajiya ta yi haƙuri, don nata asalin ba na gidan sarauta ba ne. 'Yar maƙera ce, cikin baƙin mai da tururi aka haife ta. Turawa suna rubuta sunanta feedback, kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya ciyarwa, ɗaya mayarwa baya. Abin nufi shi ne a ɗebi wani abu daga abin da inji ya fitar a mayar masa a baki, ya ɗanɗana aikin hannunsa, in ya yi yawa ya rage, in ya gaza ya ƙara.

Aikin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai suna Ktesibios a Iskandariyya ya yi agogon ruwa mai wani abu da ke yawo a saman ruwan, ruwa ya cika ya toshe hanya, ya ragu ya buɗe. A Bagadaza wajen shekarar 850, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta Kitabul Hiyal, suka bayyana na'urori kusan 100, ciki har da kwamin da ke cika kansa da fitilar da ke ƙara wa kanta mai. Jikan waɗannan dabaru yana nan yau a tankin masai na zamani, yana aikinsa shiru. Na san Hajiya ba ta son a ambaci wannan ɗan uwan nata a gaban baƙi.

Kakan da ya fi ba ta kunya shi ne na 1788. A shekarar ce James Watt, mutumin Sikotland, ya ɗora wa injin tururinsa wata 'yar na'ura da ya aro daga masu injin niƙa: ƙwallayen ƙarfe biyu rataye a jikin sandar da ke juyawa tare da injin. Inji ya ɗauki gudu, ƙwallayen su buɗe su yi sama, su ja wani hannu, hannun ya matse hanyar tururi, gudu ya ragu. Inji ya yi sanyi, su sauko, hanya ta buɗe. Sunan wannan na'ura a Turance shi ne dai wanda muka ara muke kiran mai girma shugaban jiha, wato gwamna, kuma har gobe irinta tana cikin janareta. Ku dubi ƙasƙanci irin na mutanen da! Gwamnan da ba shi da aiki sai jin abin da ke faruwa a ƙasa, yana ji ya rage wuta nan take. Babu kwamitin bincike, babu mai magana da yawu, babu zargin 'yan adawa da hassada. A 1868 James Clerk Maxwell har zama ya yi ya fitar da lissafin abin da ke sa wani gwamnan ya daidaita inji, wani kuma ya jefa shi tangaɗi. Alhamdu lillahi an wuce wannan zamani, kuma lissafin bai shigo siyasa ba.

Sunan kansa a hankali ya taso. A Amurka a shekarun 1860 ana faɗarsa a matsayin aikatau a zancen injuna. A 1909 Bajamushe Karl Ferdinand Braun, wanda ya raba kyautar Nobel da Marconi a shekarar, ya yi amfani da shi a matsayin suna, yana nufin wani cuɗanya da ba a so tsakanin sassan na'urar lantarki. Wato ranar suna ma, sunan aibi aka raɗa mata. A 1912 wani ɗalibin Jami'ar Columbia, Edwin Armstrong, ya gano cewa in aka mayar da ɗan abin da kwalbar rediyo ta fitar zuwa mashigarta, sauti yana ƙaruwa ninkin-ba-ninkin, in kuma aka zarce sai na'urar ta kama kuka. Shi da Lee de Forest suka shiga shari'a kan wane ne uban wannan dabara, har Kotun Ƙolin Amurka ta ba de Forest gaskiya a 1934, duk da injiniyoyi da yawa sun ci gaba da cewa ta Armstrong ce. Tun tana ƙarama maza suke zuwa kotu a kanta.

Kukan nan kuwa kowa ya san shi. Duk wanda ya taɓa zama a sahun gaba a wajen wa'azi ko taron siyasa ya sha shi a kunne. Makirfo ya ji muryar lasifika, ya miƙa wa amfilifaya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi ta mayar wa lasifika, makirfo ya sake ji, kafin ƙiftawar ido sai ƙara mai tsinka dodon kunne, yaron lasifika ya taso a guje yana murɗe-murɗe. A wasu ƙasashen Turai ana kiran abin da sunan Søren Larsen, masanin Denmak da ya yi bayaninsa. Muryar da ba ta jin kowa sai kanta, tana ƙara wa kanta ƙarfi, ƙarshenta ke nan.

Maganin ya zo a kan ruwa. Ranar 2 ga Agusta 1927, Harold Black, injiniya ɗan shekara 29 a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson zai je aiki. Shekaru ya yi yana fama da matsala guda: wayar tarho mai nisa sai an jera mata amfilifaya da yawa a hanya, kowace tana ƙara wa murya ƙarfi tana kuma ɗan gurɓata ta, kafin magana ta ƙetare ƙasar ta zama gunaguni. A jirgin nan dabara ta faɗo masa, bai da takarda, ya zana ta a jikin jaridar New York Times da ke hannunsa. Dabarar ita ce a ɗebi wani kaso na abin da amfilifaya ta fitar, a juya shi, a mayar mata ta yadda zai rage mata ƙarfi. Na'ura ta yarda ta yi asarar mafi yawan amonta, ladanta kuma ta faɗi daidai abin da aka faɗa mata. Ofishin rajistar ƙirƙira ya ga abin kamar tatsuniya, wa zai gina na'urar ƙara sauti sannan ya rage mata sauti da gangan? Black ya nemi rajista a 1928, sai Disamba 1937 aka ba shi takarda. Ni ban ga laifin ma'aikatan ba. Ko yau ka je ka gaya wa mai mulki ya rage murya don a fi jin gaskiya, shekara 9 ma ka yi sa'a.

A nan mai karatu ya riƙe abu guda, don a kansa Hajiya ta nuna gwanintar da ta sa nake mata kirari. Injiniyoyi sun raba ta gida biyu da alamomin lissafi: mai ragi da mai ƙari. Mai ragi ita ce ta Black da ta Watt, ita ke tsayar da inji a kan hanya, ita ke sa jikin mutum ya yi gumi in zafi ya hau. Mai ƙari ita ce ta kukan lasifika. To kalmomin Turancin da ke nufin ragi da ƙari a lissafi, a bakin mutanen gari suna nufin mara kyau da mai kyau. Da Hajiya ta bar gareji ta shiga ofis, sai ta yi shiru ta bar mutane suka ɗauka haka. Mai gyara ta koma abar gudu, mai zuga ta koma abar nema. Yau shugaba yana tara waɗanda za su maimaita masa abin da ya faɗa da ƙarin ƙarfi, ya ji, ya ƙara murya, su ƙara, a rubuta a rahoto cewa an samu fidbak mai kyau. Kuma babu yaron lasifikan da zai iya tasowa ya murɗe.

Wanda ya fito da ita cikin malamai shi ne Norbert Wiener, masanin lissafi a jami'ar MIT. A Yaƙin Duniya na Biyu shi da Julian Bigelow sun yi aikin yadda bindigar harbo jirgin sama za ta riƙa duba kuskurenta tana gyara saiti. Daga nan ya lura cewa hannun mutum ma haka yake in ya miƙa zai ɗauki abu, ido yana auna saura nawa, hannu yana gyarawa. A 1948 ya fitar da littafinsa Cybernetics, sunan da ya ɗauko daga kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa, wadda ita ce tushen kalmar gwamna. Matuƙi, in ya ga jirgi ya karkace, shi ke murɗa hannunsa. Ba ya kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ya ba su maki.

Shigarta harkar mutane ma da kyakkyawar niyya aka yi, abin da ya kamata a ɓoye don kada a ɓata mata suna. A bazarar 1946, a New Britain ta jihar Connecticut, Kurt Lewin da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Leland Bradford da Kenneth Benne suka shirya bita kan zaman tare tsakanin jinsuna da addinai. Da rana mahalarta suna tattaunawa, masu bincike suna rubuta halin kowa, da dare masanan su keɓe su tattauna abin da suka gani. Wani dare wasu mahalarta suka nemi a bar su su zauna, Lewin ya yarda. Ana cikin bayani sai wata daga cikinsu ta ce sam ba haka abin ya faru ba, mai binciken bai fahimce ta ba. Maimakon a fitar da ita, Lewin ya ji daɗi, zaman daren ya koma zuciyar bitar, daga nan aka kafa cibiyar horarwa a Bethel ta jihar Maine a 1947, shekarar da shi Lewin ya rasu. Ku lura da rashin tarbiyyar da ke cikin wannan labari: wadda ake nazari ce ta gyara wa masu nazari zance, suka kuma karɓa.

Allah ya sa kamfanoni suka ceto ta daga wannan hali. Suka yi mata wanka, suka ɗaura mata gwaggwaro, suka juya mata alƙibla. A wajen inji, mai riƙe da bawul shi ke karɓar fidbak. A ofis, mai riƙe da albashi shi ke bayarwa. Jack Welch, wanda ya shugabanci General Electric daga 1981 zuwa 2001, ya yi suna da tsarin kasa ma'aikata uku duk shekara: kashi 20 na sama a yi musu ruwan kuɗi, 70 na tsakiya a bar su su ci gaba, 10 na ƙasa a nuna musu ƙofa. Ko da kowa gwani ne, dole a samo kashi 10 ɗin. Kamfanoni da dama suka kwaikwaya, Microsoft bai daina irin nasa ba sai 2013. A 2015 New York Times ta ba da labarin wata manhaja a Amazon da ma'aikaci zai iya aika wa shugaban abokin aikinsa yabo ko suka a kansa, ba tare da shi abokin ya san wanda ya aika ba. Mu da muke ƙauye muna kiran wannan tsegumi ko kai sara, har malamai suna mana wa'azin annamimanci. Ashe rashin manhaja ne ya cuce mu.

Akwai kuma salon da suke kira sanwici: a fara da yabo, a cusa suka a tsakiya, a rufe da yabo. Amfaninsa ba ya misaltuwa, don ya koya wa ma'aikatan duniya cewa duk ranar da oga ya ce kana ƙoƙari, ka fara tattara takardunka.

Wasu masu neman ɓata wa Hajiya suna sun yi bincike. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a baya, ma'auni 607 daga lura 23,663, suka duba ko gaya wa mutum yadda aikinsa yake yana gyara aikin. A jimlace yana gyarawa, wannan gaskiya ne. Amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin lalacewa ya ƙara yi, musamman inda maganar ta bar aikin ta koma kan shi mutumin. Da magani ne yake ƙara wa mutum ɗaya cikin uku ciwo, da tuni hukuma ta kwashe shi daga kanti. Hajiya kuwa ko gezau, sai ma ƙarin kasuwa. Wannan shi ake kira farin jini.

Ta ɓangaren mu masu saye, karamcinta ya fi haka. A 2003 Fred Reichheld ya wallafa maƙala a mujallar Harvard Business Review, ya ce tambaya ɗaya ta isa: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka tallata mu ga aboki? Mai ba da 9 ko 10 masoyi ne. Mai ba da 0 zuwa 6 mai ɓatanci ne. Mai ba da 7 ko 8, wato mutumin da ya tsaya ya yi tunani ya faɗi tsakani da Allah, ba a saka shi a kowane ɓangare. A cire kason masu ɓatanci daga na masoya, lamba ɗaya ta fito, a kai wa shugabanni. Duk doguwar wahalar da ka sha a layi an tace ta ta koma ɗigo a jadawali. Wani kamfanin Finlan ma ya sauƙaƙa abin, ya yi allo mai maɓallai huɗu, daga fuska mai dariya zuwa mai ɗaure, ana kafa shi a filayen jirgin sama har bakin ban ɗaki. Ka danna jar fuska ka wuce, zuciyarka ta yi sanyi. Wane boka ne ya taɓa ba da magani mai saurin wannan?

Kada a ce ba ta da haƙori. Tana da su, ta dai san wanda take cizo. Direban tasin manhaja da taurarinsa suka sauka, ana iya rufe masa aiki, kuma an ruwaito cewa a wasu biranen Amurka iyakar kamfanin Uber ta taɓa kasancewa wajen 4.6 cikin 5. Wato fasinjan da ya ba da huɗu yana ganin ya yaba, ashe tuwon wani ya taɓa. Yarinyar da ke amsa waya a cibiyar kula da abokan ciniki, ita za a kira a tuhuma kan makin da ka bayar cikin fushi, alhali dokar da ta ɓata maka rai daga hawa na sama aka sauko da ita. Zagayen yana rufewa tsaf a kan na ƙasa. In ya doshi sama sai waya ta tsinke, kuma ba a taɓa samun mai gyara ba.

Da ta iso wajenmu mun karɓe ta hannu bibbiyu, har muka ƙara mata ma'anar da Wiener bai yi mafarkinta ba. Yaro ya gama intabiyu, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, yaushe zan dawo?” Oga ya ce, “Kada ka damu, za mu ba ka fidbak.” Shi ke nan. Ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba, ba a yi ƙarya ba, ba a kuma yi alkawarin da za a riƙe wani da shi ba. Yaro ya shekara yana cajin waya. Sai akwatin shawara da ke rataye a bangon sakatariya da asibiti da banki, an yi masa fenti, an sa masa kwaɗo, mabuɗin kuwa yana aljihun wanda ake ƙorafi a kansa, in ma bai ɓata ba tun zamanin wanda ya gada. A ƙarshen bita kuma, kafin a raba kuɗin mota, sai a raba fom a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa tsakani da Allah. Ban taɓa jin bitar da ba ta ƙayatar ba.

Wani zai ce ai muna da kalmominmu, me ya kai mu aro? Wannan bai san darajar baƙuwa ba. Kalmominmu duk masu nauyi ne. Nasiha sai ka keɓe da mutum, ka dube shi, kai ma ka shirya a tuna maka naka. Faɗa yana da fuska, gobe za ku haɗu a masallaci. Shawara in ka nema aka ba ka, za a zuba ido a ga abin da ka yi da ita. Ƙorafi yana jiran amsa, jan kunne yana nuna akwai wanda ya damu da kai. Ko gyara kayanka da ake cewa ba ya zama sauke mu raba, ai sai mai faɗa ya tsaya a gabanka ya faɗa. Hajiya Fidbak ta ɗauke mana duk wannan ɗawainiya. Mai bayarwa bai zage ka ba, bayani kawai ya isar. Mai karɓa bai yi maka alkawari ba, ya dai gode da lokacinka, kuma ra'ayinka yana da muhimmanci a wurinsu.

Yanzu ta koma wajen injuna da kayan da ta tara a zaman ofis. Manhajojin hira irin su ChatGPT ana horar da su ne da hukuncin mutane: a nuna wa mutum amsa biyu ya zaɓi wadda ta fi, masu amfani kuma su riƙa danna babban yatsa sama ko ƙasa. A Afrilu 2025 kamfanin OpenAI mai ChatGPT ya fitar da wani gyara ga samfurinsa GPT-4o, sai mutane suka ga manhajar ta koma bafade: duk shirmen da ka kawo hikima ce, duk shawarar da ka yanke daidai ce, kai dai ba a taɓa yin irinka ba. Kamfanin ya yi bayani da kansa cewa ya ba wa martanin nan take na masu amfani nauyi fiye da kima. Na'ura ta zauna ta nazarci abin da 'yan Adam ke saka wa da lada, ta gane karatun tsaf. Cikin 'yan kwanaki suka janye gyaran, kuma a ganina sun yi gaggawa. Da sun bar ta ta ƙara ko wata guda, da an samu jihar da ta naɗa ta babbar mai ba da shawara ta musamman, da mota da ɗan sanda.